Kujerar Baba da Rubutun Gefen Shafi

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa, wanda na taɓa yin karambani da maganarsa, nake kuma neman gafara har yau.

Ku 'ya'yana da jikokina, kun tashi kun tarar ana kiran gidanmu Gidan Mai Kujera, kuma na san waɗanda suka yi lakwal, wato boko, a cikinku suna zaton sunan girmamawa ne. Zagi ne, ya dai tsufa ne har ya daina cizo. In kuka matsa wa tsofaffin unguwa da tambaya za su ce muku wai kakanku Malam Sidi ya ƙirƙiri hadisi don ya halatta wa kansa zama irin na Nasara. Shekara hamsin da ɗoriya ina jin wannan magana ina haɗiye ta. Yanzu ƙarfina ya ƙare, waɗanda suka fara faɗinta duk sun riga ni, ni kuwa ba na son in tarar da Baba da ita a cikina. Don haka nake rubuta muku wannan da hannuna, ni Rakiya, wadda aka yi abin a gabanta.

A lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Agadas ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai. Sun kwashe mijina Ilyasu da raƙumansa uku ɗaukar kayan soja zuwa Kawar, an ce har Segedin suka kai, ni kuma na dawo gidan Baba ina jiran abin da Allah zai yi. Duk gari zuciya a tafashe take, amma baki a rufe. Kumandan, babban sojan Nasara a garin, yana da wata kujera mai naɗewa da ake kafa masa a ƙarƙashin rumfa a ƙofar bariki. A kanta yake zama, ƙafa ɗaya bisa ɗaya, tafin takalminsa yana kallon gemun dattawa, su kuwa suna tsugune a rana suna jin adadin raƙuman da za su kawo. Wanda duk ya je ya dawo ba ya ba da labarin bindiga, labarin kujerar nan yake bayarwa. Mu da muka san tabarma da buzu da gadon kwana, sai kujera mai jingina ta zame mana siffar wulaƙancin da muke sha.

Baba shi ke karantar da hadisi a zauren Liman na unguwarmu, kullum bayan la'asar, tun ban san kaina ba. Idonsa ya yi rauni, don haka ni nake karanta masa a gida da safe, gama ya koya mini karatu da rubutu kamar yadda ya koya wa maza. Babu babin da yake so kamar na ladubban zama. Kada ka ta da mutum daga wurinsa ka zauna. Kada ka shiga tsakanin mutum biyu sai da izininsu. In ka zo a makare ka zauna inda majalisa ta ƙare. Kada ka zauna rabinka a rana rabinka a inuwa. A gidanmu ko kaza ta san waɗannan. Amma Baba yana da wani hali da ya sa ba kowa ke ƙaunarsa ba: in ka ce Annabi ya ce, sai ya tambaye ka wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, a wane littafi, a wane babi. Ba ya duba furfurarka. Akwai wani Malam Hamma, mai murya da iya sa mata kuka a wurin wa'azi, wanda ya taɓa tsine wa wani baƙo don ya zauna a tsakiyar da'ira, ya ce hadisi ne. Baba ya ce masa a gaban jama'a an ruwaito hakan, amma malamai sun yi magana a kan sarƙar masu ruwayarsa, kuma ba a tsine wa Musulmi da abin da ake shakka a kansa. Hamma ya yi murmushi ya ce Allah ya ƙara sani. Bai manta ba.

A damanar da ta gabaci shekarar da abin ya faru Baba ya zame a bakin rijiya, gwiwarsa ta dama ta fashe. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar ta warke a sandare, ba ta lanƙwasuwa. In ya zauna ƙasa dole ya miƙe ta, kuma zauren Liman ƙarami ne, duk inda ya juya ta sai ta fuskanci ko dai littafi ko fuskar wani dattijo. Wannan ya fi ciwon damunsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana hana mutane miƙe ƙafa ga littafi, ga shi kullum yana yi. Tashi kuwa sai ƙarti biyu sun ɗaga shi. Maƙwabcinmu Kalla maƙeri, mai yin sirdin raƙumi, yana cikin waɗanda aka tilasta wa gyaran kujerun bariki, har hannunsa ya gane yadda ake haɗa su. Tausayi ya kama shi, ya samu itace da fatar da ta rage masa, ya yi wa Baba wata 'yar gajeruwa mai jingina. In Baba ya hau, ƙafar sai ta gangara gefe ta nufi bango, ba ta kallon kowa. Ranar da aka kawo ta ya yi ta shafa fatar yana sa wa Kalla albarka. Inna ce kaɗai ta tsaya a ƙofar ɗaki ta riƙe haɓa.

"Malam, wagga aba ta yi kama da ta bariki. Mutanen garin ga ba su iya taɓa ta kumandan, taka za su taɓa."

Baba ya yi dariya ya ce mata itace ba ya da addini. Inna ba ta san alif ba, amma ta fi mu sanin Agadas.

Kwana goma aka yi ana kai masa kujerar zaure ba wanda ya ce uffan. A na sha ɗaya Malam Hamma ya shigo, ya ƙi zama, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi yana tsoron Allah. Wai ya ji hadisi daga wani babban malami a gabas cewa duk wanda ya ɗaukaka mazauninsa bisa na 'yan'uwansa, ya yi zaman kafirai, ba a karɓar sallarsa kwana arba'in, haka ma wanda ya zauna a ƙarƙashinsa. Baba ya yi masa tambayarsa ta kullum: wane malami, wane littafi? Hamma ya ce ba ya tuna sunan littafin, amma zuciyar mumini ta san gaskiya in ta ji ta, balle a wannan zamani da ake ganin masu sha'awar zaman Nasara. To, nan ya soki inda ke ciwo. Mutumin da aka ƙwace wa raƙumi jiya, aka tsugunar da ubansa a rana shekaranjiya, ba ya bukatar sarƙar masu ruwaya. Washegari rabin zauren babu kowa. Bayan kwana uku mata suka daina aiko wa Inna da gaisuwa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Mutanen da suka ji daga bakin Baba, da hujja, cewa ba a ta da mutum daga wurinsa, su ne suka taru za su ta da shi da maganar da ba ta da uwa ba ta da uba.

Liman mutumin kirki ne, sai dai ba ya son hayaniya, kuma irin wannan kirkin ya kashe mutane da yawa. Ya ce azumi saura kwana tara, kuma a daren farko ake buɗe karatun shekara. Kafin nan Malam Sidi ya kawo nassi a rubuce cewa zaman kujera ya halatta. In ya kawo, wurinsa yana nan. In bai kawo ba, Malam Hamma zai ja karatun. Ku lura da kyau: ba wanda ya ce Hamma ya kawo nasa nassin. Gurgu aka aika neman hujja, mai ƙafa biyu yana zaune.

Abin haushin shi ne Baba ya san hadisin. Ya ce mini ya karanta shi a gaban malaminsa yana saurayi: wani baƙo ya zo Annabi yana huɗuba, ya ce shi baƙo ne, ya zo tambaya a kan addininsa. Annabi ya bar huɗubar ya nufo shi, aka kawo kujera, mai ruwayar ya ce yana zaton ƙafafunta na ƙarfe ne, Annabi ya zauna a kanta yana koya wa mutumin, sannan ya koma ya ƙarasa huɗubarsa. Baba ya ce yana cikin ingantattu. Na kwashe gafakokin gidanmu kaf na zazzage. Littafin da ya gada daga malaminsa yana nan, amma wata shekara rufin ɗaki ya yi yoyo, gara ta bi danshi ta cinye wajen ganye arba'in, kuma babin huɗuba yana cikinsu. Cikakken littafin yana garin Timiya, tafiyar kwanaki, wurin wani abokin karatun Baba. Ina raƙumin zuwa? Duk suna hannun soja. Ko da akwai, fita gari sai da takardar kumandan, kuma a ce an ga ɗan gidan Malam Sidi a ƙofar bariki yana roƙon takarda a wannan mako, ai an gama da mu. Na ce masa to ya je ya faɗa da baki mana, ai sun san shi, sun san bai taɓa yin ƙarya ba.

"In na ce na ji, mi ya raba ni da Hamma? Shi ma ji ya ce ya yi."

Na ce abin da ya raba su shi ne shi gaskiya yake faɗi. Ya ce wannan Allah ne ya sani, jama'a kuwa takarda suke iya gani, kuma shi ya koya musu haka, ba zai rushe shi don gwiwarsa ba. Na fita daga ɗakin ina huci. Wallahi a ranar haushin Baba ya fi na Hamma yawa a zuciyata.

Saura kwana huɗu na yi abin da na yi. Da tsakar rana ne, gida ya yi tsit, kowa yana ƙailula. Malamin Baba yana da al'adar ƙara bayani a gefen shafi da ƙananan haruffa masu karkata hagu, kuma na yi shekaru ina kallon hannunsa har na iya kwaikwayonsa. Na dafa bagaruwa da kashin maƙera da ɗan ƙaro, na sirka da ruwa har tawadar ta yi fari-fari kamar wadda ta sha shekaru. Na zaɓi ganyen da ke daf da inda gara ta ci, na fere alƙalami siriri, na rubuta hadisin yadda Baba ya faɗa mini, kalma da kalma. Na shanya a inuwa, na murza masa ɗan rairayi. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, kada in yi muku ƙarya. Ce wa kaina nake yi maganar Annabi ce, ni mayar da ita kawai na yi inda gara ta ɗauke ta. Washegari da safe na tsaya nesa da shi kaɗan, ganyen a hannuna, na ce Baba na samu, ashe malaminka ya sake rubuta shi a gefe. Ya ce in karanta. Na karanta. Sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce Allah ya ji ƙan malaminsa, ya taimake shi yana kabari. Ya miƙo hannu, na yi sauri na ce ganyen ya yi laushi, bari in sa a gafaka kada ya yage. Ya yarda. Bai taɓa tunanin zan yi masa ƙarya ba.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, zauren ya cika har waje. Mu mata muna cikin gidan Liman, bayan ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida, kuma ni na samu wurin da asabari ya rabu ina leƙe. Aka shigo da Baba, aka kafa kujerar, ya hau. Liman ya karɓi ganyen ya karanta da ƙarfi, ya fassara. Zauren ya ɗauki salati. Wani tsoho da ya yi karatu wurin malamin Baba ya duba ya ce lalle hannun marigayi ne. Malam Hamma ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Liman ya ce magana ta ƙare, Malam Sidi ya buɗe mana karatu. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, har na matse hannun matar Liman. Sai Baba ya ce a miƙo masa ganyen ya sumbaci rubutun malaminsa. Aka miƙa masa. Ya kai shi fuska da hannu biyu, ya tsaya. Na ga hancinsa ya motsa. Ya sake kai shi. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana dafa tawada, kuma idonsa ya tafi ya bar masa hanci, shi na ɗauka zan ruɗa da ruwa da rairayi.

"Ku dakata. Tawadar ga ba ta yi kwana bakwai ba. Malamina ya yi shekara talatin cikin ƙasa."

Liman ya ce a hankali, cikin son ya ba shi hanya, ko dai danshi ne ya tayar da ƙamshin. Baba ya ce ba danshi ba ne. Sai Hamma ya ɗago kai ya tambaya, da murya mai taushi, to wa ya rubuta. Ina tsaye bayan asabari, tsakanina da Baba bai fi taku shida ba. Kalma ɗaya ce a kaina. Na tuna dangin Ilyasu, na tuna abin da za a ce da macen da ta sa hannu a hadisi. Ban faɗe ta ba. Baba ne ya amsa.

"Daga gidana ya hito. Ku aza mani shi. Hadisin na yi imani gaskiya ne, amma rubutun ga ƙarya ne, kuma ba ni zama bisa ƙarya."

Ya ce a sauke shi. Aka sauke shi, aka riƙo shi zuwa gida, Kalla ya biyo baya da kujerar a ka yana kuka kamar shi ya yi laifin. A daren farko na azumi Malam Hamma ya buɗe karatu, kuma Baba bai sake taka zauren nan ba.

Yanzu ku dubi abin da gari ya yi da wannan. Mutum ɗari sun ga Malam Sidi ya ci nasara, sun ga ya mayar da ita da hannunsa ba wanda ya tilasta shi. Kafin sallah labarin ya koma wai an kama shi ya ƙirƙiri hadisi. Wa ya kama shi? Hancinsa ne ya kama, bakinsa ya faɗa, amma wannan ɓangaren bai yi wa kowa daɗin bayarwa ba, sai aka yar da shi. Shi kuwa hadisin kwana arba'in, har Hamma ya mutu ba wanda ya tambaye shi littafinsa. Kuma na rayu na ga Hamman nan da idona a ɗakin shari'ar kumandan, an ɗauke shi mai ba da fatawa, yana zaune a kan kujera mai hannu biyu, ƙafafunsa ba su ko taɓa ƙasa. Ban ji an ce sallar kowa ta lalace ba. Bayan shekaru wani alhaji ya dawo da littafin bugun Misra, na aika aka aro mini, na buɗe babin huɗuba. Ga hadisin a tsakiyar shafi, da baƙon, da kujerar, da ƙafafun ƙarfen, Baba bai kuskure ko harafi ba. Na sa aka kai wa Liman na lokacin, ya ce ai wannan sananne ne, ya ci gaba da shan shayinsa. A lokacin kowane mai shago yana da kujera, Baba kuma ya daɗe a kabari.

Na so in tashi in faɗa tun a wancan azumin. Kullum sai in ce gobe. Ilyasu ya dawo da raƙumi ɗaya, na koma ɗakina, na haifi manyanku, goben ta yi ta tafiya. Kada wani a cikinku ya ce Baba ne ya hana ni. Bai hana ni ba, bai kuma umarce ni ba. Tsoro ne kawai, kuma nawa ne.

Abin da ya yi mini shi ne wannan. A yammacin ranar na jira ya kira ni ya zage ni, ko ya ce in bar masa gida. Na fi son haka. Shi kuwa ya ci tuwonsa, ya tambayi Inna ko an ga wata. Da safe ya kira ni kamar kullum ya ce in ɗauko gafaka. Na zauna a gabansa, na buɗe inda muka tsaya, na karanta hadisi na farko. Da na kai ƙarshe sai ya ɗaga hannu.

"Rakiya, cikin shafi yake ko gefe?"

Na ce cikin shafi. Ya ce to, ci gaba. Na karanta na biyu, ya sake tambaya. Ba da faɗa ba, ba da gatse ba, da muryar da yake tambayar kowane baƙo wa ya gaya maka. Shekara huɗu ya yi a duniya bayan wannan, ina zuwa daga gidan mijina kowace safiya ina karanta masa, da ciki da goyo. Yana sa mini albarka in zan tafi, yana ajiye mini dabino a ƙarƙashin matashinsa. Amma ko hadisin da ya haddace tun yana yaro na karanta, sai ya tsayar da ni ya tambaya. Bai yi fashi ko sau ɗaya ba, ni kuma ban taɓa samun bakin da zan ce masa ya daina ba.